Ƙarancin Sinadarin Girma a Jikin Yara da Manya

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira fituwitari, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ita ke samar da sinadarin girma. Jefi-jefi take zubo shi cikin jini, mafi yawansa da dare idan barci ya yi nauyi. Idan ya isa hanta, sai ta fitar da wani sinadarin mai suna IGF-1, wanda ke sa guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwa ya yi ta ƙaruwa. Da haka yaro ke yin tsayi. Bayan balaga guringuntsin nan yakan rikiɗe ya zama ƙashi, daga nan babu maganin da zai ƙara wa mutum tsayi.

Ƙarancin sinadarin ba ruwan dare ba ne. Kiyasin da aka fi ambata shi ne yaro 1 cikin 4,000 zuwa 10,000. Wasu da shi aka haife su, wasu ƙari ne ya danne tsokar, ko buguwa a ka, ko gashin cutar kansa da aka yi musu a ƙwaƙwalwa. A yara da dama kuma ba a gano dalili.

A ƙasar Hausa sai an yi hattara. Yawancin yaran da suka tsumbure, tamowa ce ta hana su girma, ko sikila, ko yawan gudawa da tsutsar ciki, ko matsalar maƙoshi, wasu kuma gajarta ce ta gado. Mai tamowa ramamme ne. Mai ƙarancin sinadarin girma kuwa gajere ne mai ɗan teɓa, fuskarsa ta ƙuruciya, gaɓoɓinsa daidai da jikinsa, basirarsa lafiya lau. Ya kuma bambanta da wada, wanda hannuwansa da ƙafafunsa ke gajarta fiye da gangar jiki. Babbar alama ita ce saurin girma: yaron da ya wuce shekara 4 bai kai balaga ba, amma ba ya ƙara santimita 4 zuwa 5 a shekara, ya kamata a bincike shi. Abin takaici, a asibitoci da yawa nauyi ake aunawa, a manta da tsayi.

Wajen bincike, ɗibar jini sau ɗaya ba ta wadatarwa, tunda sinadarin hawa da sauka yake yi. Sai a ba mara lafiya maganin da zai zaburar da tsokar, kamar insulin ko gulukagon, a riƙa auna jinin na wasu sa'o'i. Akan ɗauki hoton hannun hagu don sanin shekarun ƙashi, da hoton MRI na ƙwaƙwalwa.

Game da magani kuwa, a 1958 likita Maurice Raben ya ba da rahoton yi wa wani matashi magani a Amurka da sinadarin da aka tatso daga gawarwaki. An bi wannan hanya har 1985, lokacin da aka gano cewa wasu da aka yi wa allurar sun kamu da cutar Creutzfeldt-Jakob mai lalata ƙwaƙwalwa. A shekarar aka amince da wanda kamfanin Genentech ya haɗa a ɗakin gwaji. Irinsa aka yi wa Lionel Messi yana yaro, kuma tsadarsa na cikin abin da ya kai shi Barcelona a 2000. Allura ce ta ƙarƙashin fata kullum da dare, ko da yake yanzu akwai ta mako-mako. Tsadar tana nan, ga kuma buƙatar firij a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Manya ba tsayi suke rasawa ba. Kasala ke damunsu, kitse ya taru a ciki, tsokar jiki ta ragu, ƙashi ya yi rauni. Yawanci ƙari ne sanadi, ko tiyatar cire shi. Akwai kuma wanda ya shafi mata: wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, fituwitarinta kan iya mutuwa saboda rashin jini, larurar da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Alamarta ta farko ruwan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, a yi shekaru ana cewa wahalar jego ce. Irin wannan mace takan rasa wasu sinadaran ma, don haka likita kan fara maye mata kotisol, sannan na maƙoshi, kafin a zo kan na girma.