Man mota daga aljihun ma'aikaci: jawabi kan lanhon albashi da tafiyar aiki a Geskeru



Batun wannan zama shi ne kuɗin da ma'aikaci ke kashewa idan ya yi tafiyar aiki da abin hawansa, da kuma yadda lanho ke bi ta kan waɗannan kuɗi. Wanda ya san gundumar Geskeru, a bakin kogin Komadugu, gabas da Diffa, ya san batun ba ƙarami ba ne. Malamin gona da ke zagaya garaken tattasai, malamin asibiti mai kai rigakafi ƙauyuka, mai duba makarantu, da yaron ɗan kasuwa mai tattara buhuna, dukansu sukan bar kwalta su faɗa rairayi. Motar ma'aikata takan yi ƙaranci, aiki kuwa ba ya jira.

Tarihi bai yi wa wannan ma'aikaci sauƙi ba. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta tsawwala kuɗin taya da kayan gyara. A Fabrairun 2015, bayan harin Boko Haram a Boso da Diffa, an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, wanda shi ne dokin ƙaramin ma'aikaci. A 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, man bakin hanya da jihar ta daɗe tana dogaro da shi ya yi tsada.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce ma'aikaci na cin kilomita 400 a wata, motarsa na shan lita 10 a kowane kilomita 100. Lita 40 ke nan. Bisa farashin sefa 499 da gwamnati ta tsaida a Yulin 2024, ya kashe kusan jika 20, ba a sa baƙin mai da ladan makanike ba. Lanhon albashi kuwa tun daga tushe ake yanke shi, kafin kuɗi su iso hannu. Dokar haraji ta 2012 ta jera shi daga kashi 1 zuwa kashi 35 cikin 100. Ashe mutum ya biya lanho a kan kuɗin da iyalinsa ba su ci ba, waɗanda suka ƙone a hanyar aikin wani.

Wasu ƙasashe sun yi wa matsalar magani. A Faransa ma'aikaci na da zaɓi: ko a cire masa kashi 10 cikin 100 kai tsaye, ko ya gabatar da ainihin abin da ya kashe, bisa jadawalin kilomita da ke duba ƙarfin motar. A 2011 Ingila ta tsaida kwabo 45 na fam a kowane mil har zuwa mil 10,000, sannan kwabo 25 ga abin da ya haura. Idan ubangida ya biya ƙasa da haka, ma'aikaci na neman sassaucin lanho a kan ragowar. Zuwa wurin aiki na kullum da komawa gida ba ya cikin lissafinsu.

Sai dai a yi hattara: sassaucin lanho ba ramuwa ba ce. Wanda ake yankar kashi 10 a saman albashinsa, in an cire masa jika 20 daga abin da za a ɗora wa lanho, jika 2 kawai zai samu. Babban darakta ne zai fi morewa, ƙaramin malami ya tashi da guntu. Don haka nauyin farko na kan wanda ya yi aiken, gwamnati ce, ƙungiya ce, ko ɗan kasuwa: ya biya kuɗin kilomita, kada lanho ya taɓa su. Sassauci ya zo daga baya, ya cike giɓi.

Masu kula da baitulmali za su ce ƙofar maguɗi ce za a buɗe, kowa ya ƙirƙiro tafiyar da bai yi ba. Tsoronsu na da dalili, amma maganinsa na hannu. Takardar izinin tafiya daɗaɗɗiyar al'ada ce a ma'aikatun Nijar. A haɗa ta da littafi mai nuna rana, gari, dalili da lambar kilomita, hukumar garin da aka je ta buga hatimi. A sa iyaka ta shekara. A yi jadawalin da ya san bambancin kwalta da rairayi, wanda kuma bai manta da babur ba.

Ƴan kasuwa ma za su amfana. Kuɗin mai da aka rubuta da shaida sun fi sauƙin karewa gaban ma'aikatar haraji bisa waɗanda aka miƙa wa yaro a tasha ba takarda.

Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN sun saba kai kukan albashi. Ya dace su kai wannan ma gaban ma'aikatar kuɗi tun lokacin tsara kasafin shekara. Idan ma'aikaci ya gaji da zuba mai daga aljihunsa, zai zauna a ofis cikin Diffa, manomin tattasai da mai jego a ƙauyukan Geskeru su ne za su ji a jikinsu.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.