Turancin Kasuwa: Ƙananan Kalmomin Da Ke Cinye Riba

 Yau za mu amsa tambayoyin da kuka fi aiko mana game da Turancin Ingilishi, irin wanda kake cin karo da shi ran Alhamis a kasuwar Maigatari, ko in ka bi motar shanu zuwa Legas. Ba dogon Turanci ke cutar ɗan kasuwa ba. 'Yan ƙananan kalmomi ne, waɗanda in kunne ya kuskure su, aljihu ke biya.

Mu fara da lissafi. "Fifteen" 15 ne, "fifty" kuwa 50. Haka "thirteen" da "thirty", 13 da 30, har zuwa "nineteen" da "ninety". Daga 13 zuwa 19 ana jan ƙarshen kalmar, a ce "tiin". Daga 30 zuwa 90 kuwa ana datse shi, nauyin ya koma farko. A cikin hayaniyar kara ko a waya, wa zai tantance? To kar ka ji kunya. Tambaye shi: "One five or five zero?" In ya so ya danna maka lambar a waya ka gani da idonka. Kai kuma mutumin Nijar da ka saba ƙirga sefa da dala, ka tuna mai Ingilishi bai san dala ba. In ya ce "one hundred", sefa 100 yake nufi, wato dala ashirin, ba dala ɗari ba.

Na biyu, mu da "nawa" ɗaya muke tambayar yawa da kuɗi. Su sun raba. "How many?" yawa ne: guda nawa? "How much?" farashi ne. In ka faɗi kuɗin, ƙara "each" in kowace ɗaya kake nufi, ko "for all" in na duka ne. Raguna goma a kan farashin ɗaya, ai ka ga rigima ta tashi. Af, "sheep" ba ya canjawa, ɗaya ne ko garke: "one sheep", "ten sheep". "Cattle" kuwa jam'i ne kullum. Saniya ɗaya "cow", bijimi "bull".

Na uku, rance. "Borrow" karɓa ne, "lend" bayarwa. A bakin kasuwa za ka ji ana cewa "borrow me", kuma kowa ya gane. Amma a takarda, wanda aka rubuta ya yi "borrow" shi ne ya ci bashin.

Ga wadda ta fi duka haɗari, ka kasa kunne da kyau. Da Hausa mai kuɗi ke zuwa farko: "ina bin ka bashi." Da Ingilishi wanda ake bi ne a farko. "I owe you" na nufin kai kake bi na. "You owe me" shi ne ni nake bin ka. Yanzu a ce ka ba dillali shanu biyar bashi, aka rubuta "I owe" a gaban sunanka, ka dangwala yatsa. To ka shaida da hannunka cewa kai za ka biya, alhali shanunka ne suka tafi.

Saboda haka, ɗan uwa, kada ka sa hannu sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ya faɗa maka da Hausa wa ke bin wa, kuma nawa. Tambaya ba ta rage darajar dattijo.

Allah Ya ba da kasuwa, Ya kiyaye dabbobinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.