Sa Ido a Kan Annoba: Aikin Hukuma da na Jama'a



Annoba ba ta kan mamaye gari rana ɗaya ba. Da mutum guda ta kan fara, ko gida guda, sa'an nan ta bi hanyar kasuwa da tashar mota da wurin zaman makoki. Saboda haka kwanakin farko su ne masu tsada. In labari ya isa wurin ma'aikatan lafiya cikin waɗannan kwanaki, 'yan tsirarun mutane za a nema a kula da su. In kuwa ya makara, sai abin ya kai ga dubbai.

Nijeriya ta daɗe da koyon wannan darasi. Cikin watan Disamba na 1966 agana ta ɓarke a yankin Ogoja, ga shi kuwa maganin lamba bai isa a yi wa kowa ba. Sai wani likita ɗan Amurka, Dokta William Foege, ya sa aka aika manzanni ƙauye-ƙauye su gano inda masu cutar su ke. Aka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka lamba, da na kasuwannin da su ke ci, cutar ta tsaya. Wannan dabara ta neman cuta a kewaye ta ita aka ɗauka a sauran ƙasashe, har a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa agana ta ƙare a bayan ƙasa.

Haka kuma ran 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi, Dokta Ameyo Adadevoh, ta yi zargin cutar, ta hana shi barin asibiti, aka sanar da hukuma. Ma'aikata suka bi sawun mutum wajen 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar a Legas da Fatakwal, su na auna zafin jikin kowannensu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da ita likitar. Ran 20 ga Oktoba aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. A ƙasar Gini kuwa, inda ta fara cikin Disamba na 2013, ba a gane ko mece ce ba sai Maris na 2014. Kafin a shawo kanta ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo. Cuta iri ɗaya ce. Bambancin lokacin da aka gane ta ne.

To, yaya labari ke tafiya yanzu? Aikin ya na hannun Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC, wadda aka kafa a 2011, aka kuma yi mata doka a 2018. Kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 ta na da jami'in da aikinsa ke nan karɓar rahoton cututtuka daga asibitoci da ɗakunan shan magani. Shi zai miƙa wa jiha, jiha ta miƙa wa Abuja. Akwai cututtukan da a ke ba da labarinsu nan take, ko da mutum ɗaya aka gani, ba a jiran ƙarshen mako. A kan ɗebi jini ko bayan gida a kai ɗakin gwaji, domin zato ba ya zama tabbas sai an auna. In abin ya kai wanda zai iya ƙetare iyaka, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 2005 ta wajabta a sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 bayan an tantance shi.

Amma duk wannan tsari bai ga kome ba sai an nuna masa. Jami'i ba ya kwana a kowane gida. Uwa ce ke fara gani, da ungozoma, da wanzami, da mai kantin magani, da masu wankan gawa. Ga abubuwan da ya wajaba a kai labarinsu ba tare da jinkiri ba:

Amai da gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, domin kwalara ta kan kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin 'yan sa'o'i.

Zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman lokacin bazara. Sanƙarau na 1996 ya hallaka mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan.

Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, ko wanda ya zo da zubar jini. Mai yiwuwa zazzaɓin Lassa ne, wanda ɓera ke yaɗawa, magani kuwa ya fi aiki in an fara shi da wuri.

Yaro ƙasa da shekara 15 wanda ƙafa ko hannu ya shanye masa farat ɗaya.

Mutuwar mutane a jere a unguwa ɗaya ba tare da an san dalili ba, ko mutuwar kaji da dabbobi da yawa, gama cututtuka da dama daga dabba su ke tsallakowa zuwa mutum.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya garzaya ɗakin shan magani mafi kusa, ko ya gaya wa mai unguwa ko dagaci su isar, ko ya kira lambar NCDC, 6232, wadda kyauta ce.

Abin da ya fi hana mutane magana shi ne tsoro: kada a ƙyamaci gidansu, ko a tsare majinyaci, ko kasuwa ta watse. Sai dai ɓoyo ba ya kare gida. Mai jinya a ɓoye shi ne na farkon kamuwa, sa'an nan yara, sa'an nan masu zuwa dubiya. Ba a kuma buƙatar mai kai labari ya san sunan cutar. In an auna aka ga ba kome, asarar ba ta wuce ta tafiyar jami'i ba.

Don haka a na roƙon sarakuna da hakimai da shugabannin addini da malaman makaranta su riƙa tuna wa jama'a wannan, su kuma kāre mutuncin duk gidan da ya fito ya faɗi gaskiya. Icce tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi.

A huta lafiya.