Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Daidaito Da Bunƙasar Tattalin Arziki





An nemi in yi magana a kan wata matsala da ke tattare da tsarin jari-hujja, wato ja-in-ja tsakanin daidaiton tattalin arziki da bunƙasarsa. Daidaito shi ne mutum ya san abin da albashinsa ya saya bana zai saya baɗi. Bunƙasa kuwa ita ce a sami ƙarin masana'antu da ayyukan yi da dukiya. Kowa na son duka biyun, sai dai sau da yawa maganin ɗaya shi ne ciwon ɗaya.

Ga yadda abin yake. Ɗan kasuwa ba ya kafa masana'anta sai ya sami rance mai sauƙi. To amma in kuɗi suka yi yawa a hannun jama'a alhali kaya ba su ƙaru ba, sai farashi ya tashi. In Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa don ya tsayar da farashi, sai mai masana'anta ya kasa cin bashi, ya rage ma'aikata. Gaba kura, baya sayaki.

Malamanmu ba su manta da Udoji ba. A 1974, da kuɗin man fetur suka shigo, an ƙara albashi har da ariyas, aka yi ta sayen babura da rediyo. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Aka ci gaba da manyan ayyuka da cin bashi kamar damina ba za ta wuce ba. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP. Aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Nairar da a 1985 ta ɗara dala, kafin ƙarshen 1986 sai an haɗa fiye da uku ake samun dala guda. A 1995 hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin ɗari.

Wa ya biya wannan bashi? Ku je Kakuri a Kaduna ku gani. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL kuma ta tsaya a 2007. Kayan gyaran injuna sun yi tsada, wutar lantarki ba tabbas, ga atamfar waje ta cika Kantin Kwari a kan farashi mai rahusa. Haka masana'antu da dama suka durƙushe a Sharaɗa da Bompai a Kano. Sai kuma mai albashi da ɗan fansho, waɗanda ba su da kayan da za su ƙara wa kuɗi.

Kada wani ya ce to daidaito kaɗai ya isa. Mu dubi 'yan'uwanmu na Nijar. Tun 1999 aka ɗaure sefa da kuɗin yuro a kan farashi guda, saboda haka farashin kaya bai cika yin tsalle irin namu ba. Duk da haka wannan bai cika Maraɗi da Damagaram da masana'antu ba. Su ma a Janairun 1994, a dare ɗaya aka zabge rabin darajar kuɗinsu. Ashe ruwan da ya kwanta ba lallai ne ya shayar da gona ba.

To ina mafita? A nawa ganin, a lokacin wadata ake sayen daidaito da araha; wanda ya bari sai tsanani ya zo, da tsada zai saye shi. Darasin da ke cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ke nan: a shekarun yalwa aka cika rumbuna. Mun taɓa gwada haka. A 2004 an buɗe asusun rarar kuɗin mai, har ya kai kimanin dala biliyan 20 a 2008, shi ya sa rikicin tattalin arzikin duniya na wannan shekara bai kayar da mu ba. Daga baya aka yi ta rabon abin da ke ciki. Da farashin mai ya sake faɗuwa a 2014 rumbun ya kusa zama wayam, a 2016 tattalin arziki ya ja da baya.

Haka aka sake a 2023. An cire tallafin mai a watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni, duka a lokacin da ba wani tanadi. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari, Babban Banki kuma ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5. Wane mai masaƙa ne zai ci bashin da ya fi haka tsada ya kuma ci riba?

'Yan'uwa, a cikinmu akwai ma'aikatan banki, da manyan jami'an gwamnati, da 'yan majalisa, da 'yan kasuwa. Roƙona gare ku guda uku ne. Na farko, duk inda kuka sami kanku, ku tsaya a kan a yi ajiya ranar samu, ko da za a ce kun cika maƙo. Na biyu, in za a ci bashi, a ci don abin da zai haifar da wani abu, kamar wuta da noman rani da makarantu. Na uku, in gyara ya zama dole, a fara tunanin wanda ba ya iya kare kansa. Ga malamanmu nan zaune. Fanshon da a da yake riƙe gida, yau da ƙyar yake sayen magani. Ya kamata ƙungiyar nan ta ware musu wani kaso tsayayye a asusunta tun muna da ƙarfi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.