Mazubin Wucin Gadi: Kalma Ɗaya da Albashin Ma'aikaci



Wani zai yi mamaki, me ya haɗa malamin Hausa da babbar kwamfuta irin ta ma'aikatu da bankuna? Neman kalma ne ya kai ni, kuma da na sami kalmar sai na tarar da albashin mutane a cikinta.

Bari mu fara daga Bacirawa, arewa da birnin Kano. Idan manomi ya yi zargin cewa awon geronsa bai cika ba, ba ya tsayawa gardama da buhu. Ƙwarya yake ɗaukowa, ya riƙa aunawa da tiya yana zubawa yana ƙirga, har ya gano inda aka yi kure. In ya gama sai ya juye geron, ya kife ƙwaryar. To, mai gyaran shirin kwamfuta ma haka yake yi. Idan lissafi ya fito a karkace, sai ya keɓe wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwar na'urar, ya zuba adadin da yake zargi, ya umarce ta da ta nuna masa shi kafin aiki ya ci gaba. Wannan gurbi nake so mu kira mazubin wucin gadi. Wasu sun fi son "ma'ajiya", amma ni ban yarda ba, domin ajiya tana nuna daɗewa, shi kuwa wannan zubawa ake yi a juye.

Harshen da aka fi rubuta irin waɗannan shirye-shirye da shi, wato COBOL, an tsara shi a Amurka a 1959 musamman don harkar kuɗi da ofis, kuma aikin Grace Hopper na cikin tushensa. Ya bazu ƙwarai bayan da kamfanin IBM ya fito da System/360 a 1964. Harshe ne mai tsantseni: ba ya karɓar mazubin da ba a gabatar masa da shi ba tun farko. Dole a je sashen da ake kira WORKING-STORAGE, a raɗa wa mazubin suna, a faɗi ko lamba zai ɗauka ko harafi, sannan a faɗi girmansa.

A nan ne gizo ke saƙa. Alal misali, mai gyara ya rubuta PIC 9999V99, ma'ana lambobi 4 na naira da 2 na kwabo. Iyakar abin da mazubin zai ɗauka shi ne ₦9,999.99. A 1981, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake ₦125 a wata, wannan ya wadatar har da rara. A 2024 kuwa an mayar da shi ₦70,000. Idan aka juye ₦70,000 cikin wannan mazubi da umarnin MOVE, na'urar ba za ta yi ƙorafi ba. Lambar da ke hagu za ta yar, ta bar sifiri zalla. Ƙwarya in ta cika kowa yana ganin gero a ƙasa, amma wannan zubewar shiru ce. Sai mai gyara ya duba abin da aka nuna masa, ya ga sifiri, ya kwana yana farautar kuskure a cikin shiri lafiyayye, alhali ma'auninsa ne ya gaza.

Akwai kuma mazubin da ba a wanke ba. In ba a sa masa sifiri kafin kowane sabon lissafi ba, ragowar kuɗin ma'aikacin farko na iya haɗuwa da na wanda ke bi masa, masinja ya tashi da alawus ɗin darakta.

Mafi muni shi ne mantuwa. Gyara ya ƙare, an bar mazubin a wurinsa da suna irin X1, wanda ba ya gaya wa kowa komai. Bayan shekara goma wani ya zo ya tarar da shi, ya ɗauka ginshiƙi ne, ya ɗora sabon lissafi a kai. Irin wannan tsimin gurbi ne, na rubuta shekara da lambobi 2 kacal, ya sa duniya ta kashe maƙudan kuɗi tana gyara kafin shigowar 2000.

Saboda haka, ku ma'aikata, idan takardar albashi ta zo da adadin da hankali ba zai ɗauka ba, aka ce muku "kwamfuta ce", kuna da damar tambayar lambobi nawa aka keɓe wa wannan gurbi, kuma a wace shekara aka keɓe su.