KUNNE YA GIRMI KAKA: A KAI WA DATTAWANMU MURYAR MALAM HAR KUNNE

Jawabin da wani ɗan'uwa, ɗan kasuwa mutumin Azare, ya gabatar a taron ƙungiya a nan Sabo, Ibadan

 

 Muna neman afuwa tun kafin mu fara, domin mu ba injiniyoyi ba ne, kuma ba likitoci ba. Fataucin wake muka sani, karatunmu kuwa na allo ne da Islamiyya. Abin da ya tsai da mu gabanku wani abu ne da muka gani da idonmu a gida Azare, muka kuma sa hannu a cikinsa, muka ga bai kamata mu ɓoye wa jama'a ba.

Da azumin shekarar 2024 mun je gida. Muna da wani baffanmu, ƙanen mahaifinmu, dattijo ne da ya haura saba'in, wanda tun muna yara ba a fara tafsiri a masallacin unguwarmu ba tare da yana sahun gaba ba. Sai muka tarar ya daina zuwa. Ana idar da sallar la'asar sai ya ɗauki buzunsa ya koma gindin darbejiya a ƙofar gida. Wasu suna cewa tsufa ne, wasu har suna raɗe-raɗin wai ya saɓa da malamin ne. Da muka keɓe da shi muka tambaye shi, sai ya ce, "Ɗana, muryar Malam ina jin ta, amma maganar ce ba na ganewa. In zauna ana dariya ban san abin da aka faɗa ba, ana salati sai na ga bakin mutane ya motsa sannan in bi? Gara in zauna gida da carbina."

Jama'a, wannan magana ta tsaya mana a rai. Da muka bincika sai muka ga ba shi kaɗai ba ne. A wannan masallaci kaɗai mun ƙirga dattawa shida masu irin wannan larura, ban da iyayenmu mata da ke zama bayan katanga. Kuma ba a ƙasar Katagum kaɗai abin yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji wanda ke bukatar taimako, kuma cikin waɗanda suka wuce shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu suna ciki. Ku dubi sahun gaba na masallacinmu na nan Sabo ku yi lissafi da kanku.

ABIN DA YA SA ƘARA LASIFIKA BA YA MAGANI

Abin da muka fara yi shi ne abin da kowa zai yi, wato muka ce a murɗa amfilifaya a ƙara ƙarfi. To, sai abin ya ƙara lalacewa. Masu lafiyar kunne suka fara kuka da ƙara, shi kuwa Baffa ya ce yanzu kam sai ka ce ana magana a cikin randa.

Wani ma'aikacin lafiya ɗan unguwarmu shi ya warware mana dalili. Ya ce kunnen tsufa siraran sautuka yake fara rasawa, irin su sa da fa da ta da sha, alhali kuwa su ne ke raba wata kalma da wata. Kaurin murya yana isa kunne, amma abin da zai bambanta "sani" da "fani" ya faɗi a hanya. Bugu da ƙari, murya tana raguwa da nisa: a fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da desibel 6, wato ma'aunin da ake auna ƙara da shi. A cikin gini kuma ga amsa-kuwwa daga bangon siminti da kwanon rufi, ga fankoki suna juyawa saboda zafin bazara, ga janareta a bayan masallaci. In ka ƙara lasifika, har da amsa-kuwwar ka ƙara. Saboda haka maganin shi ne a ɗauko muryar daga bakin malam a kai ta kunnen mai sauraro kai tsaye, ba tare da ta ratsa hayaniyar ɗaki ba.

YADDA NA'URAR TAKE

Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira taransimita. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi sabulun wanki girma ba, tana da 'yar eriya a kanta. Aikinta shi ne ta karɓi murya daga amfilifaya ta tura ta cikin iska a zangon FM, wanda ya kama daga 87.5 zuwa 108. Shi kuma dattijo sai ya kama da ƙaramar rediyo, ko da irin ƙananan wayoyin nan masu madannai na Itel ko Tecno, ya sa iyafis a kunne. A yawancin wayoyin igiyar iyafis ɗin ita ce eriya, in ba a sa ta ba rediyon ba zai kama ba. Mu dai duk abin da muka kashe, har da rediyo shida, bai kai kuɗin buhun wake ɗaya na lokacin ba. Ana samun irinta wajen masu kayan lantarki a Sabon Garin Kano da kasuwar Alaba ta Legas.

Ga yadda muka haɗa ta, tare da wani yaro mai gyaran rediyo, kuma muna roƙon matasa su riƙe wannan da kyau.

Na farko, a ɗaura eriya kafin a ba ta wuta. Taransimita in ta yi aiki babu eriya tana iya ƙonewa.

Na biyu, a nemi ramin da aka rubuta LINE OUT ko REC OUT a bayan amfilifaya, nan ake jona ta. Kada a kuskura a jona ta inda wayoyin lasifika suke fita, domin ƙarfin wurin ya fi ƙarfinta, nan take zai kashe ta.

Na uku, a nemi gurbin da babu wata tasha. A ɗauki rediyo a bi zangon daga farko har ƙarshe, da rana da kuma dare, sai an sami inda babu komai sai shuuu. A Azare wannan bai ba mu wahala ba. Amma nan Ibadan tashoshi sun yi yawa, ga Premier FM a 93.5, ga Splash FM a 105.5, ga wasu birjik, sai an yi haƙuri an nemi wurin da ya yi nesa da kowace.

Na huɗu, a daidaita ƙarfin muryar da ke shiga cikinta. A sa mutum ya yi karatu da makirfo kamar yadda malam ke yi, wani kuma yana saurare da iyafis. In murya tana fashewa, a rage. In ana jin shuuu ya fi murya, a ƙara kaɗan. Makirfo kuma ya kasance kusa da bakin malam, kamar taƙi ɗaya. In na'urar tana da zaɓin MONO, shi ya fi, domin wanda kunnensa ɗaya ne mai ji ba zai rasa komai ba.

Na biyar, a ɗora ta a sama, nesa da janareta da jikin ƙarfe, a kuma haɗa ta da amfilifaya a kan batir ko sola, don kada ɗaukewar wuta ta yanke karatu.

Na shida, a rubuta lambar gurbin da manyan baƙaƙe a bango, da boko da ajami, a saita wa kowane dattijo rediyonsa tun kafin a fara.

KURAKURAN DA MUKA YI

Ba mu ɓoye muku ba, mun yi tuntuɓe. Ranar farko wani ya kunna rediyonsa ba iyafis kusa da makirfo, sai lasifika ta ɗauki kuka har Malam ya dakata. Daga ranar muka kafa doka: ba iyafis, ba rediyo.

Na biyun kuwa ya fi ban kunya. Wata rana an tashi tafsiri an rage lasifika, amma aka manta ba a kashe na'urar ba. Mu 'yan kwamiti muka zauna kusa da makirfo muna lissafin kuɗin man janareta, muna ambaton waɗanda ba su biya ba da sunayensu. Ashe dattawa uku suna bakin ƙofa da iyafis a kunne, ɗayansu ma yana cikin waɗanda muka ambata. Sai da muka bi shi har gida muka ba shi haƙuri. Saboda haka a ɗora wa mutum ɗaya alhakin kunnawa da kashewa, kada a bar wa kowa da kowa.

Kazalika, kowa ya riƙe iyafis ɗinsa, kada a riƙa karɓa-karɓa, saboda ciwon kunne. Kuma kada a ƙure ƙara. Ƙara mai yawa a cikin kunne tana cinye ɗan jin da ya rage, a je neman ƙiba a samo rama.

MAGANAR HUKUMA

A nan muna so shugabanni su saurara da kyau. Iska tana da mai ita. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba da lasisin watsa shirye-shirye a Nijeriya, kuma dokarta ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi. Don haka mu ba gidan rediyo muke so mu buɗe ba, kuma kada wani ya ruɗe mu da cewa a sayo babba wadda za ta kai Mokola da Bodija. Babbar na'ura tana iya shiga tashar wasu, kuma daga 108 zuwa sama zangon jiragen sama ne. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari a nan, zamanmu lafiya da maƙwabta da hukuma shi ne jarinmu. Abin da muke nufi shi ne mafi ƙanƙanta, wadda muryarta ba ta wuce harabar masallaci. Duk da haka shawararmu ita ce sakatare ya rubuta takarda, a je ofishin hukumar a yi bayani kafin a sayi komai. In sun ce ba a zangon FM ba, to akwai wata iri da ake sayarwa da nata 'yan akwatunan saurare, wadda rediyon gida ba ta kama ta. A Amurka ma zango na daban aka yarda a yi wannan aiki a cikinsa, daga 72 zuwa 76. Ta fi tsada, amma ta fi kwanciyar hankali.

NA'URA BA ASIBITI BA CE

Iyayenmu, wannan na'ura taimako ce a wurin taro, ba ta warkar da kunne. Cikin dattawan nan shida da muka kai babban asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare, ɗaya datti ne kawai ya toshe masa kunne, aka wanke, ya dawo yana ji sarai. Ba kowane rashin ji ne na tsufa ba. Sanƙarau yana kurmantarwa, kuma da yawanmu mun tuna annobar 1996 da ta ratsa Arewa har da jihar Bauchi. Ƙyanda tana yi, kunne mai zubar da ruwa da aka ƙyale yana yi, wasu allurai da ake yi barkatai a kemis suna yi, haka nan daɗewa kusa da injin niƙa. A daina sosa kunne da tsinken tsintsiya da ashana da gashin kaza. Nan Ibadan ga asibitin UCH kusa da mu, suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Wanda likita ya ce ya sa na'urar ƙara ji, ya sa, babu abin kunya. Wa ya taɓa yi wa mai tabarau dariya?

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Ranar da Baffa ya fara sa iyafis, muna kallonsa daga gefe. Da Malam ya kai wani wuri, sai muka ga ya gyaɗa kai tare da jama'a, ba bayansu ba. Da aka tashi ya tsai da Malam ya yi masa tambaya a kan abin da aka karanta, abin da ya shekara uku bai yi ba. Har aka sha ruwa na ƙarshe bai sake fashi ba, kuma da azumin 2025 shi ne ke tuna wa yara su yi cajin rediyo.

Hausawa suna cewa kunne ya girmi kaka. Waɗannan dattawa su suka riga mu zuwa garin nan, su suka san yadda aka zauna da mutanen gari, su ake nema in an yi rikici a kasuwa ko za a ɗaura aure. In sun daina ji sai su daina zuwa, in sun daina zuwa kuwa, mu ne da asara. Saboda haka muna roƙon abu huɗu. A naɗa mutum uku, a cikinsu har da mace ɗaya, su bi gida-gida cikin sirri da ladabi su rubuta masu wannan larura. A fara kai su a duba kunnensu. A je wa hukuma da takarda. Sannan a buɗe asusu, a gwada na'urar a masallaci da ɗakin taron nan tun cikin Sha'aban, kada azumi ya zo muna kame-kame. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki nauyin rediyo biyar da iyafis ɗinsu, saura ya rage ga 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya ba mu ladan baki ɗaya; inda muka yi kuskure, malamai da masana su gyara mana. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu zaman lafiya a nan da can gida.