TSUFA NE KO CUTA? YAUSHE ZA A NEMA WA TSOHON KARE LIKITA

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Kiyako)



Da aka nemi mu ce wani abu a wannan taro mai albarka, mun san da yawa sun zaci batun makaranta za mu ɗauko, tun da a aji muka ƙare ƙuruciyarmu. To, yau a gafarce mu, a kan kare za mu yi magana, kuma tsohon kare. Kada a yi dariya tukuna, domin kafin mu zauna za a ga cewa maganar ta shafi yaranmu.

Daga nan Kiyako har Birnin Kudu da Gwaram, da wuya a sami ruga ko gidan bakin gari da babu kare. Shi ne mai gadin garke, shi ne abokin mafarauci. Addininmu ya halatta ajiye shi domin tsaron dabbobi da gona da kuma farauta, kuma malamai sun sha karanta mana labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Amma al'adarmu ita ce, ranar da kare ya daina amfani sai mu ɗauke kai daga gare shi. Duk abin da ya same shi sai mu ce, "Ai tsufa ne." Wannan kalma ita muke so mu bincika yau, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kare yakan shiga tsufa daga wajen shekara 7 ko 8. Furfura ta fito masa a baki, barci ya yi yawa, ji da gani su ragu, tashi da safe ya yi masa nauyi, musamman lokacin hunturu. Muddin yana cin abincinsa, yana shan ruwa daidai, yana gane mutanen gida, wannan tsufa ne. Abin da yake bukata shi ne inuwa, ruwa mai tsabta, abinci mai laushi da shimfiɗar tsohon buhu. Ka'idar da muke so a riƙe ita ce: tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Duk canjin da ya auku cikin kwana ɗaya ko mako ɗaya, cuta ce.

Alamun cuta mun kasa su kashi uku.

Kashi na farko, waɗanda za a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi a kansu cikin kwana ɗaya ko biyu. Kare ya wuni ya kwana bai ci ba. Ko yana ci amma yana ramewa. Ko ya riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana yawan fitsari, wanda sau da yawa alama ce ta ciwon ƙoda ko ciwon suga. Ko dasashinsa ya yi fari fat maimakon ja, alamar jini ya ragu, kuma kaska da tsutsar ciki su ne kan gaba wajen jawo haka. Haka nan tari mai daɗewa, ƙari mai ƙara girma, da miki mai tsutsa. Da yawa daga cikin waɗannan suna jin magani idan an tare su da wuri.

Kashi na biyu, waɗanda ba a kwana da su. Ciki ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, amai ko zawo da jini, fitsari ya ƙi fita, numfashi da ƙyar, saran maciji, cin maganin ɓera ko lasar maganin feshi. Haka kuma tsohuwar karya da mugunya ke fita daga mahaifarta. A nan muna gargaɗi: kada a buɗe kwabar gida a ba shi maganin mutane. Ibuprofen da diclofenac suna lalata masa ciki da ƙoda, paracetamol kuma idan ya wuce kima yana taɓa hanta.

Kashi na uku shi ne dalilin tsayuwarmu a gabanku, wato ciwon haukan kare. Kowa ya san mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cutar tana da wata fuska mai shiru. Kare ya lafe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, dalala na zuba, haushinsa ya canza, ƙafafun baya su fara shanyewa. A jikin tsohon kare, wannan ya yi kama da tsufa ƙwarai.

Mun taɓa ganin haka a wani ƙauye da muka koyar. Karen maƙwabcinmu, wanda ya shekara goma yana gadin gidan, ya kwanta baki buɗe. Aka ce ƙashi ne ya maƙale masa. Wani ɗalibinmu ɗan aji biyar, saboda tausayi, ya zura hannu zai ciro, haƙori ya karce shi. Babu wani ƙashi. Bayan kwana uku karen ya mutu. Allah ya sa an kai yaron asibiti tun ranar, aka fara masa allurai, ya tsira. Amma sai da uban ya sayar da akuya biyu.

Saboda haka, irin wannan kare ba a ɗaukar sa a kan babur, ba a taɓa bakinsa. A rufe shi inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba, a kira likita ya zo ya same shi. Idan ya ciji mutum, ko yawunsa ya taɓa rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba sai an jira abin da zai sami karen ba. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu kusa da mu. Karen da ya yi cizo alhali yana da alamar lafiya, akan tsare shi kwana 10 a ga halinsa. Rubutu da tofi ba sa maye gurbin allura, domin da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Abin takaici, maganin wannan asara ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar farko a Faransa, ya rayu. A ƙasarmu, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa rigakafin karnuka. Ana fara yi wa kwikwiyo yana wata 3, a maimaita duk shekara, kuma tsufa ba ya ɗauke wa kare wannan allura. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, cutar takan daina yaɗuwa.

Wani zai ce kuɗin mota da na magani sun fi ƙarfin darajar karen. Mun ji, kuma mun san halin da ake ciki. Amma tambayar likita ba ta kai kuɗin akuya biyu ba. Idan kuma ya duba ya ce ciwon ba mai warkewa ba ne, shi zai nuna hanyar da za a hutar da dabbar ba tare da azaba ba. Wannan ya fi a kai shi bayan gari a yar, ya koma yawo cikin yunwa yana cuɗanya da karnukan da ba a san lafiyarsu ba.

Daga ƙarshe, muna roƙon ƙungiyarmu abu biyu. Na ɗaya, ta tuntuɓi sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma a tsayar da rana guda a shekara ta rigakafin karnuka a Kiyako da rugagen kewaye. Ranar 28 ga Satumba ta dace, domin tun 2007 duniya ta keɓe ta don yaƙi da wannan cuta. Na biyu, malaman firamare da na Islamiyya su koya wa yara cewa karen da ba shi da lafiya ba a taɓa shi, babba ake kira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kare mu da zuriyarmu, ya albarkaci dukiyarmu, ya ɗaukaka Kiyako.